Hunturun da Na Ce Lafiya Lau

Kwarin Jan Dutse,
20 ga Oktoba.

Zuwa ga 'yata Tungalag,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kin koma Uliastai lafiya, kuma tarin nan da kika zo da shi ya sake ki. Yaya aiki, yaya abokan aikinki masu auna iska? Mu nan lafiya lau muke, mutane da dabbobi. Innarki Yanjin tana gaishe ki, ita ce ma ta tsare ni da ido har na ɗauki biro.

Kin san ni da waya ba ma shiri. Sai mutum ya hau tudu iska tana dukansa yana ta ihu, ga kunnena na hagu ya daɗe da ajiye aiki. Don haka zan ba direban da ke zuwa ɗaukar fatu wannan takarda ya kawo miki.

Kin tafi cikin fushi. Innarki ta fito da ludayin madara za ta yayyafa a bayan motarki don hanya ta yi kyau, kafin ta kai ƙofa kin yi nisa. Ta tsaya da ludayin a hannu, ni kuma na yi kamar ina gyaran sirdi. Abin ya dame ni, ba zan ɓoye miki ba.

Amma ki saurare ni. Ban ce ba ki da ilimi ba, ni na sayar da dawakai biyu kika yi karatun. Abin da na ce shi ne ba a zama a gaban murhu, a gaban baƙi, a kira sunan masifa. Kakarki har ta mutu ko kerkeci ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai ta ce "na bayan dutse". Ke kuwa kin zauna da kofin shayi a hannu kina cewa zud, mugun hunturun nan, na zuwa, zud zai rufe ciyawa, zud zai kashe garke, har sau uku, kamar mai kiran kare ya zo ya karɓi ƙashi. Me kike so in yi in ban da in daka miki tsawa?

Sannan ga abin da har yau ban gane ba. Shekara goma kina gaya mini duniya tana ɗumama. To, na ji. Idon ruwan da ke gindin dutse ya ƙafe, damina ta yi mana rowa shekara uku a jere, ciyawar bana ko idon sawu ba ta rufe ba. Yanzu kuma kin zo kin ce in sayar da rabin garkena don sanyi zai kashe su. 'Yata, ki zaɓi ɗaya mana, ko zafi ko sanyi. Tsoho ba zai iya jin tsoron abu biyu a lokaci guda ba.

Yayanki Sodnom bai kyauta ba da ya ce ana biyanki albashi ne don ki tsorata mutane, na kuma gaya masa. Ke ma ba ki kyauta ba da kika ce motar kwal da yake tuƙawa zuwa kan iyaka ita ke ƙone wa ubansa makiyaya. Kwal ɗin nan shi ya sayi farantin sola da ke kan tantina, wanda kike yabo duk zuwanki. Ku biyun nan tun kuna yara kuke faɗa a kan wanda zai hau gaban doki, har yau ba ku gama ba.

Na duba alamuna yadda babana ya koya mini. Ɓerayen daji ba su tara ciyawa da yawa a bakin ramukansu ba. Wata ya wuce taurarin Kaza da 'Ya'yanta da tazara mai kyau. Hunturun bana mai sauƙi ne.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne kin rikita mini Gonchig. Tun da ubansa, aminina, ya rasu na ce ya kafa tantinsa kusa da nawa, bai taɓa musa mini ba. Washegarin tafiyarki ya same ni a bakin shinge yana murza hularsa.

"Baba Namjil, ko dai in rage awakin nan? Yaya Tungalag fa da na'ura take magana."

Na ce, "Na'urar ta taɓa kwana da akuya? Ka sayar da rabi, in bazara ta zo gashin wa za ka tsefe ka ciyar da Pagma da 'yan matanku biyu, na gemuna?"

Ya yi dariya ya mayar da hularsa, ya ce, "To, Baba, yadda ka ce." Bai sayar da ko ɗaya ba, ni ma haka.

Innarki ta sa miki busasshen cuku a cikin jakar, ki riƙa tsotsa a wurin aiki. Ki sa hula in za ki fita duba na'urorinki.

Ni ne mahaifinki mai ƙaunarki,
Namjil.

Kwarin Jan Dutse,
9 ga Disamba.

Zuwa ga 'yata Tungalag,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina cin hunturu lafiya. Mu ma lafiya lau muke, mutane da dabbobi. Ban ga amsarki ba, amma na san hanya ce.

Dusar ƙanƙara ta sauka da wuri, uku ga Nuwamba, har gwiwa. Wannan ba komai ba ne, na ga wadda ta fi ta. Sai iska ta juyo daga kudu, aka yi kwana uku ana ɗumi irin wanda ban taɓa gani a Nuwamba ba. Na tuɓe rigata ta fata. Ruwa yana ɗiga daga rufin tanti. Naman hunturun da muka yanka muka rataye ya daskare, saniya ɗaya da tumaki huɗu, ya saki ya fara wari, innarki tana ta faɗa da shi kamar zai ji. Ni kuwa dariya na yi, na ce mata ga ɗumamar Tungalag ta zo gaishe mu.

A rana ta huɗu sanyi ya dawo da ƙarfinsa. Muka wayi gari duk kwarin ya zama gilashi. Kana tsaye kana ganin ciyawar a ƙasa, ba ka isa ka taɓa ta ba. Kin san yadda aka saba, dawakai su fasa da kofato, tumaki su bi bayansu su ci. Bana dawakan suna duka, kofaton yana zamewa. Tumakin sun yanke ƙafafunsu, duk inda suka bi sai ka ga ja a kan fari. Ni da Gonchig muna fita da gatari muna fasa musu ɗan wuri. Wasu tsofaffin tumaki sun kwanta ba su tashi ba, dama shekarunsu sun kai.

Makon jiya wani ma'aikaci ya zo daga ƙaramar hukuma da takarda a hannu. Wai akwai ingirici da dusa a rumbun gwamnati, amma mota biyu ce kawai ga kwari sama da talatin, don haka yana rubuta waɗanda suka fi matsuwa. Gonchig ba ya nan, iska ta kore masa dawakai ya bi sawunsu kwana biyu. Baƙon ya zauna, innarki ta ba shi shayi da madara.

Ya ce, "Baba, ana cin hunturu lafiya? Dabbobi da ƙiba?"

Na ce, "Lafiya lau, da ƙibarsu."

Ya ajiye kofin ya ce, "Baba, an gama gaisuwa, yanzu tsakani da gaskiya nake tambaya. Na ga jini a hanya. Tanti biyu ne a nan, in rubuta ku?"

Na ce, "Ɗana, je ka rubuta waɗanda suka gaza. Shekara arba'in da ɗaya ina kiwo, ban taɓa buɗe baki a cikin tantina na ce dabbobina za su mutu ba, ba kuma a kanka zan fara ba."

Ya dube ni, ya dubi innarki, ya naɗe takardarsa. Bayan ya tafi innarki ta buga ludayi a kan murhu ta ce, "Namjil, ka tsare bakinka, madalla. Tumakin kuma wa zai tsare su?" Tun ranar ba ta yi mini magana mai tsawo ba.

Ina da ɗan ingiricin da na yanka da kaka, zan raba da Gonchig in ta kama. Ƙanƙarar nan ba za ta daɗe ba, rana ɗaya mai kyau ta ishe ta. Kada ki je ofishin kowa ki ce ubanki yana roƙo, na hana ki.

Ki gaishe da duk wanda ya tambaye mu.

Mahaifinki,
Namjil.

Kwarin Jan Dutse,
24 ga Fabrairu.

Zuwa ga 'yata Tungalag,

Ina gaishe ki da sabuwar shekara, ina fata kin ga bikin Farin Wata lafiya, kin kuma sami inda kika ci abincin bikin tunda hanya ta hana ki zuwa gida.

Nan ne wurin da ya kamata in rubuta cewa muna lafiya. Na daɗe riƙe da biron. Mutane suna lafiya. Dabbobi suna mutuwa, Tungalag, kullum suna mutuwa. Ga shi na rubuta, tantin bai faɗo mini a ka ba.

Takardarki ta iso da wani mai doki ana gobe biki. Na karanta cewa tawa ta yi kwana goma sha tara kafin ta same ki, kuma ranar da kika karanta kika taka umarnina kika tafi ofishin da gudu, aka ce miki dusar ƙanƙara ta riga ta toshe mashigar dutse. Kin yi daidai da kika ƙi jin maganata. Da ma kin saba.

Na ga motar ingiricin da idona a ƙarshen Disamba, kafin hanyar ta rufe. Ta bi ta kan tudu ta nufi kwarin da ke gaba da mu. Iska ta kawo ƙanshin, tumakin suka ɗaga kai gaba ɗaya suka fara kuka. Na juya baya na ci gaba da sara da gatarina.

Ingiricina bai kai mu tsakiyar Janairu ba, mu biyu. Daga nan tumakin suka fara cin gashin junansu. Awakin Gonchig sukan taru wuri ɗaya don sanyi, su hau kan juna, da safe sai mu ciro na ƙasa a mace. Innarki ta rufa wa shanu bargunanmu har da wanda aka ba mu ranar aurenmu. Mun shigo da masu rauni cikin tanti, muna ɗura musu shayi da cokali. Muna jan matattun zuwa bayan jan dutsen, tsibin yanzu ya fi tantinmu tsawo. Na daina zuwa can sai in dole.

Akwai abin da zan gaya miki wanda nake jin kunyarsa. A cikin Janairu na ce wa innarki ke kika jawo mana, da bakinki kika kira masifar a gaban murhu. Ta ce, "In kira ke kawo abu, shekara uku ina kiran ruwan sama, yana ina?" Na fita na bar mata tantin. Amma ina saran ƙanƙara maganar tana cina. A zamanin babana an yi sanyin da ya fi wannan, tofin mutum yana daskarewa kafin ya kai ƙasa, garke ya fita lafiya, don dusar tana nan da laushinta, akuya ta tona ta ci. Ba sanyi ya kashe mini dabbobi ba. Kwana ukun nan na ɗumi da na yi wa dariya, su suka narkar da dusar ta zama murfi a kan ɗan abin da fari ya bar mana. Na ce ki zaɓi ɗaya, ko zafi ko sanyi, ashe abu ɗaya kike gaya mini tun farko.

Sodnom ya sayi dusa buhu-buhu, tana can a gari ba hanyar kawowa. Ya aiko cewa kada in bari ki cika mini kunne, kakanninmu ma sun ga zud tun ba a ƙera mota ba. Gaskiyarsa ne, sun gani. Babana ya ga uku a duk rayuwarsa, ni wannan ne na uku cikin shekara tara. Ban iya lissafinku na hayaƙi da sama ba, ba kuma zan raba muku gardama ba. Abin da na sani shi ne ɓerayen daji da taurari ba su yi mini ƙarya ba shekara arba'in, bana kuma ban san ƙasar da suke ba da labarinta ba.

Ranar bikin Gonchig ya zo gaishe ni da sassafe cikin rigarsa mai kyau, shi da Pagma da yaran. Ya sa hannuwansa a ƙarƙashin gwiwar hannuna ya tallafe ni yadda ƙarami ke yi wa babba, na sumbaci kumatunsa. Ashe mai dokin da ya kawo takardarki ya ba shi labarin ma'aikacin hukumar nan da na sallama. Bayan ya zauna, ya riƙe kofinsa bai sha ba.

"Baba, da gaske ne mai takarda ya zo lokacin da ba na nan?"

Na ce, "Ya zo."

"Ya tambaye ka har da ni?"

"Har da kai."

Ya dubi farantin cuku. Sannan ya ce, a hankali, "Ai da ka ce naka lafiya, Baba, sai ka ce na Gonchig ban sani ba."

Bai ɗaga murya ba. Da ya zage ni da na fi jin sauƙi. Ya shanye shayinsa har ƙasa don ba a barin kofi a ranar biki, ya ɗauki ƙaramar 'yarsa suka fita. Muna aiki tare har yanzu, yana ce mini Baba, amma ba ya kallon fuskata.

Ki yafe mini tsawar da na yi miki a gaban baƙi. Ina kewarki ƙwarai.

Mahaifinki,
Namjil.

Kwarin Jan Dutse,
12 ga Mayu.

Zuwa ga 'yata Tungalag,

Gaisuwa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Maganin ƙafar da kika aiko wa innarki ya iso, ta ce ta gode, tana iya durƙusawa yanzu. Ni ma jikina da sauƙi, sai rashin barci.

Ƙanƙara ta narke. An turo motar haƙa rami daga gari ta binne tsibin bayan dutse, saboda warin ya kai har cikin abinci. Cikin sama da ɗari huɗu, tumaki talatin da ɗaya suka rage mini, da dawakai biyu. Shingen dutsen babana mai kaurin taki a ƙasa shi ya cece su, ba dabarata ba.

Gonchig ya tashi tun cikin Maris zuwa mazaunin bazara a bayan tsauni. Shekara takwas tare muke tashi, ni ke zaɓen rana. Bana sai dai na ji ƙarar mota da safe. Ya shigo ya yi wa innarki sallama, ya ce mini, "Baba, a zauna lafiya." Awaki shida ya tafi da su, cikin ɗari biyu da wani abu.

Na jira har tumakin suka haihu, suka ɗan yi ƙarfin tafiya. Na ce wa innarki zan kai masa ashirin daga cikin masu kyau, da 'ya'yansu. Ta tashi ta ɗauko mini wuƙa. Muka kama su ɗaya bayan ɗaya muka yanka musu alamar gidan su Gonchig a kunnen dama, don kada ya ce aro ne ya dawo mini da su.

Ranar Talata na kora su tun rana ba ta fito sosai ba. Tafiyar rabin yini ce da 'yan raguna. Duk hanya ina shirya abin da zan ce, ina faɗa wa dokina, ina gyarawa. Ban taɓa ba ƙarami haƙuri ba, ban san yana da wuya haka ba.

Da na sauko daga tsaunin ban ga hayaƙi ba. Na ce wataƙila Pagma ba ta hura wuta ba. Na matso, sai na ga da'irar baƙar ƙasa inda tantin ya zauna. Gonchig ya share wurin tas, ya binne toka, ya cire turken doki ya cike ramin, babu ko guntun igiya. Wani tsoho da ke neman raƙumansa ya ce kwana huɗu ke nan da tafiyarsu. Wai Gonchig ya sayar da awakin shida, ya ɗora tantin a mota, sun nufi Ulaanbaatar. Wai zai kafa a gefen birni, can kan tuddan da ake ƙona kwal duk hunturu har ba a ganin ƙetaren titi. Ƙaramar 'yarsa kuwa kin san ciwon ƙirjinta.

Na sauka na zauna a tsakiyar da'irar. Tumakin suka bazu suna cin sabuwar ciyawa a inda ƙofarsa take. Na yi kuka, Tungalag, irin wanda ban yi ba ko ranar da aka binne garken. Kwana huɗu kawai. Na tsaya jiran 'yan raguna su yi ƙarfi, alhali ni ne ba ni da ƙarfin. Da yamma na koro su muka dawo, innarki ta hango mu daga nesa ta ƙirga da ido, ta koma ciki.

Na rubuta wa Sodnom ya nema wa Gonchig aikin tuƙi a wurin haƙar kwal, ko yaran sa fita daga hayaƙin birni. Na san abin da za ki ce game da kwal. Ki faɗa, yanzu ina saurare. Amma ni na raba shi da kiwo, ba ni kuma da wata ƙofar da zan buɗe masa sai wannan.

Kin ce mu tattara mu dawo wurinki kafin wani hunturun, don a lissafinku zud zai sake zuwa. Na yarda zai zo. Ki aiko mini da rana da wata, in za a yanka ingirici in yanka, in za a sayar in sayar da nawa. Amma ba zan iya tashi ba tukuna, tumaki ashirin ɗin nan ba nawa ba ne.

Kina da abokan karatu a birnin, ki sa a nemo mini Gonchig. Kada a ce masa ina ba shi haƙuri, wannan da bakina zan yi. A ce masa kawai tumakinsa suna wurina da alamarsa a kunne, ina fita da su kowace safiya, ko ya zo ko bai zo ba.

Innarki tana gaishe ki. Ki zo da damina in kin sami hutu, tantinmu kaɗai za ki gani a kwarin.

Ni ne mahaifinki,
Namjil.